Ɗakin da Na Biya a Kan Teku

Saƙon Lawali ya same ni cikin damina, ina tsaye bakin rudu a Galmi ana juya mini albasa. Rudu shi ne rumbun karan da muke zuba ta ciki tun bazara, lokacin da manomi ke bin ka yana roƙo ka saya, har zuwa lokacin da kai za a biyo ana roƙo ka sayar. Shekara arba'in da ƴan kai sana'ata ke nan, kuma in anka matse ta duka, abu guda za ya fito: jira. Da jira na gina gidana na Ƙwanni, da shi na je Makka sau biyu, da shi na san Abijan da Lome da Kwatano kamar yunwar cikina.

Lawali shi ne ɗana na fari, shi kaɗai namiji. Ni na aika shi Abijan ya tsaya mini kan kaya, can wani mai otal ya ga hannunshi a girki ya ɗauke shi, daga otal sai bato, wato jirgin ruwa. Ba irin baton da ke ɗaukar siminti da shinkafa ba. Irin wanda masu hali ke shiga su yi kwanaki suna yawon shan iska daga gari zuwa gari, ci da kwana duk a ciki. Shi yana can ƙasa, cikin madafa. Wata tara bisa ruwa, saura a Marsai, can ƙasar Turawa, inda ya yi aure, kuma takardun zama sun daɗe ba su ba shi hanyar zuwa gida ba. Shekara tara ban sa shi a ido ba. Ko da uwarshi Shatu ta rasu yana tsakiyar teku, sai bayan kwana uku labari ya kai mishi.

Na matsa inuwa na danna saƙon.

"Baba, barka da yini. Ka saurara da kyau, in ka gama ka sake saurara. Bana batonmu za ya zo Dakar ƙarshen kaka. Za ya ɗauki mutane nan, ya zaga da su Banjul da tsibiran da ke gaba, kwana bakwai, ya maido su Dakar, daga nan mu ƙetare zuwa Birazil. Ban san ranar da za ya sake biyowa gefen ga ba. In ka tsaya bakin tasha, ganin ba wani gani ba ne, ba a barinmu fita. Amma in ka shigo kamar fasinja, kowace la'asar ina da hutun awa biyu. Kwana bakwai, Baba. Ni zan biya ɗakin. Kai dai ka tahi wurin Basira yanzu-yanzu ta kama maka tikitin jirgin sama."

Na saurara sau uku. Da yamma ya kira, na ce mishi ban kai lalacewar da kuku zai biya mini kuɗin kwana ba, ya riƙe abinshi ya yi wa ɗiyanshi hidima. Ya yi ta magiya, na ƙi. Cikin maganar ne bakinshi ya suɓuce.

"To in kai za ka biya, ka biya da wuri. Farashin ba ya tsayawa wuri guda. Wani sa'in ma in tafiya ta matso ɗakuna ba su ƙare ba, sukan karya kuɗin, amma wannan ba abin dogaro ba ne..."

"Sukan mi?"

Ya san ubanshi.

"Baba, don Allah ka manta na faɗi haka."

Ban manta ba.

Basira ɗiyar aminina ce marigayi. Tana da buro, ɗan ofis, bakin kwalta, kusa da kasuwa, inda take sayar da tikitin Umara da na sauran ƙasashe. Ranar sunanta ni na riƙe ragon anka yanka, don haka ba ta jin nauyin gaya mini gaskiya, ni ma ba na jin nauyin ƙin ji. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta juyo mini fuskar na'urarta kamar zan iya karanta abin da ke ciki.

"Baba Na'Allah, ɗaki mai taga a baton, miliyon ɗaya da rabi, jikka dubu da ɗari biyar ke nan. Jirgin sama, Yamai zuwa Dakar, zuwa da komowa, jikka ɗari uku da ashirin. In ka ce in kama, yau in kama."

"Wannan shi ne taya ko shi ne sallama?"

"Nan ba a tayi, Baba."

"Ko'ina ana tayi, ɗiyata, sai dai in ba ki san wa ake wa ba. Ɗakuna nawa ne cikin baton?"

"Sun fi ɗari biyu."

"Nawa anka saya?"

"Ba su faɗi."

"Ba za su faɗi ba. Ni ma ba na faɗin buhu nawa ke cikin ruduna." Na aje kofin. "Saurara ki ji. Albasata in ban sayar yau ba, gobe tana nan. Shi mai baton ga, ranar da ya ɗaga, duk ɗakin da ba kowa ciki ya ruɓe mishi a hannu, ba ya iya aje shi sai baɗi. Mai jirgin sama haka nan. Kayansu ya fi tumatir saurin lalacewa. Kin taɓa ganin mai tumatir ya ƙara kuɗi da la'asar sakaliya?"

Ta yi dariya har ta gyara ɗankwali.

"A kan bato ba zan yi gardama da kai ba, nakan ga suna sauka. Amma jirgin sama ba haka yake ba. Kullum ranar na matsowa yana hawa. Kuma duba kwanan watan: satin Maulidi ne. Duk ƴan Tijjaniyya na ƙasar ga da na Najeriya Kaulaha za su, garin Shehunsu, kuma ta Dakar ake bi."

"Ranar Laraba, kasuwar Ƙwanni, mota nawa ke fitowa daga Ilela da Alela?"

"Da yawa."

"Ran Talata fa?"

"Kaɗan."

"To. In fasinja ya yi yawa, mota ta kan ƙaru. Masu jirgi ba mahaukata ba ne da za su ga kuɗi tsaye su bar shi. Ki sa mini ido kan duka biyun. In sun sauko ki kira ni."

"Ka kama jirgin sama kaɗai mana, ka jira baton."

"In kama mota tun ban san ko ina da masauki ba? A'a."

Na fito ina jin daɗin kaina.

Watannin da sunka biyo na yi su kamar yadda na saba. Gidana ɗaki shida ne, ni kaɗai cikinshi. Ƴan matan biyu suna gidajen mazansu, ɗaya a Tawa, ɗaya a Sakkwato. Jummai matar ƙanena takan aiko da tuwo ta katanga, in ci rabi in rufe. Da hantsi in fita rumfar Tanimun mai shayi da goro, wanda munka yi yawon Gana tare tun muna samari, in zauna har azahar. Shi ɗan Tijjaniyya ne, kuma ya biya kuɗin Kaulaha tun gero bai yi bunni ba, shi da mutanen zawiyarsu.

"Ka ba su kuɗinka wata huɗu suna juyawa," na ce mishi. "Da buhu goma ka saya da su ka aje."

"Ni ai wurin Shehu za ni, ba kasuwa ba. Kai ne ko Aljanna anka ce ga ƙofa sai ka tambaya ko akwai ragi."

"In akwai mi zai hana?"

"Na'Allah, ranar da za a kai ka kabari sai ka ɗaga likkafani ka ce nawa anka sayo yadin."

"Kuma in tarar an cuce ku."

Muna haka kullum. Amma in na koma gida, bayan la'asar, nakan buɗe akwatin da na fara haɗawa. Na sa an ɗinka mini riguna uku sababbi. Na sayi kilishi, na ga zai daɗe, na cinye, na sake saye. Paspo da katin allura suna cikin aljihun murfin. Na yi ta tunanin abin da za mu faɗa wa juna awa biyu kullum har kwana bakwai. Ni da yaron ga ba mu taɓa zama munka yi hira ba. Ɗan fari ne, ko sunanshi ba na kira a gabanshi. Aike ne tsakaninmu, da lissafin buhu. Na ce a raina rana ta farko ba za mu ce komi ba, sai gaisuwa. Ta biyu ma haka. Wataƙila ta uku baki ya buɗe.

Duk Juma'a yakan turo saƙo: "Baba, an kama?" In ce ana kai.

Duk Litinin in biya ta buron Basira. Kuɗin baton bai motsa ba wata biyu cur. Jirgin sama ya ƙara jikka talatin, ya ƙara hamsin. Na ce barazana ce, nima nakan yi wa ƴan Abijan irinta in na ga sun ƙagu.

Saura kwana ashirin da ɗaya ta kira ni ina alwalar azahar.

"Baba, kana ina? Sun karya! Jikka ɗari tara, ɗakin nan dai mai taga!"

Ban gama wanke ƙafa ba na sa takalmi. Na biya nan take, ta buga mini takarda mai hoton baton, fari fat, hawa-hawa kamar otal ɗin Abijan. Lambar ɗakina na jiki. Na bi ta rumfar Tanimun na shimfiɗa mishi ita bisa tebur, tsakanin gwangwanin madara da sukari.

"Karanta, malam mai gaggawa."

"Ka san ban iya boko ba."

"To bari in fassara maka. An rubuta: wanda ya jira ya ci jikka ɗari shida."

Ya ɗaga takardar ya duba ta sama da ƙasa.

"Madalla. Baton Ƙwanni zai zo ya ɗauke ka? Ta gulbin wa?"

Abin da na baro a buron ke nan ban faɗa mishi ba. Bayan na biya, Basira ta riƙe hannun rigata.

"Yanzu jirgin sama. Ya kai ɗari biyar da tamanin. Abin da ka ci nan, ka zuba rabi can, ka tahi ka ga ɗanka. Har yanzu kai ke da riba."

Gaskiya ta faɗa, kuma kuɗin na aljihuna. Amma mutumin da ya ci kasuwa da safe ba ya jin magana da rana. Yanzu na ga mai bato ya durƙusa da idona. Mi zai hana mai jirgin sama? Na ce ta ba ni Laraba guda.

"Baba, kujeru tara sunka rage."

"Haka suke rubutawa don ki ruɗe. Laraba guda."

Laraba ta zo, ya kai ɗari bakwai da hamsin. Nan zuciya ta shiga. Na ji kamar wani ne can zaune yana kallona yana dariya, ya san ɗana na wancan gefe. Wanda ya ƙi abu a ɗari uku, ƙaƙa za ya karɓe shi a ɗari bakwai? Na ce ta ƙara mini Laraba guda. Ta juya ga na'urarta.

Ba a kai Larabar ba. Ran Lahadi da hantsi sai ga ta ƙofar gidana da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ƙi zama.

"Sun ƙare. Na duba ta Abijan, na duba ta Lome, ta Bamako, ta Wagadugu. Na kira Kano, na kira Abuja. Daga yau har ranar da baton zai tashi babu kujera ko ɗaya, ko ta masu kuɗi da ke gaba."

"Ba su ƙaro jirgi ba?"

"Jirgi ba a-kori-kura ba ne, Baba."

Ta ci gaba da nema kwana da kwanaki, ko wani zai fasa. Saura kwana shida ta ce mini in hau kar, babbar motar fasinja, in bi ta ƙasa. Yamai, Wagadugu, Bamako, Kayi, Dakar: kwana huɗu in hanya ta yi kyau, biyar in ta ƙi. Na san hanyar, na bi rabinta da ƙuruciya. Na dubi ƙafafuna da ke kumbura in na yi awa uku a zaune. Sannan wata dabara ta zo mini, irin ta ɗan tasha. Ba motar da ke tashi ba a samu wanda ya makara ba. Wani cikinshi zai ɓaci, wani paspo zai ɓace mishi. Wanda ke tsaye da kuɗi a hannu shi ke hawa. Na ce Yamai za ni, in tsaya bakin jirgin.

"Ba haka ake yi ba," in ji Basira.

"Haka ake yi ko'ina."

Ran Asabar da yamma baton zai tashi. Na isa Yamai ran Laraba, na sauka gidan wani dillalina, Alhamis tun da safe ina filin jirgi da akwatina da riga sabuwa. Wurin ya yi fari da mutane. Tsofaffi, mata, ƴan samari da tasbaha a wuya, suna zikiri ƙasa-ƙasa, kowa da tikitinshi a hannu. Na je wurin yarinyar da ke kan tebur na yi mata bayani da Hausa, na ƙara da ɗan Faransancin da na tsinta a hanya. Ta yi mini ladabi. Ta rubuta sunana a wata takarda, na ga akwai sunaye goma sha huɗu sama da nawa.

Jirgin Alhamis ya tashi, mutum biyu sunka makara, na ɗaya da na biyu a takardar sunka hau. Na koma kan benci. Na ci burodi da ruwan leda. Ban taɓa sanin mutum na iya zama cikin taro haka ya rasa wanda zai ce wa kanzil ba.

Juma'a da hantsi na ji an dafa kafaɗata. Tanimun ne, cikin farar riga da hula sabuwa, mutanen zawiyarsu na bayanshi. Na jira baƙar magana. Na ma shirya amsa. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya zauna kusa da ni.

"Tun yaushe?"

"Jiya."

Ya ja tasbaha. Can ya laluba aljihu ya fiddo tikitinshi.

"Tashi mu je. Na je Kaulaha sau huɗu, Shehu ya san fuskata. Baɗi in da rai na koma."

"Kai, Tanimun, bari."

"Tashi, tsohon banza, kada in fasa."

Munka je wurin yarinyar tare. Ya aje tikitin ya ce a ba wanga, ɗan'uwana ne. Ta ce ba a canza suna. Ya ce to shi ya fasa, kujerarshi ta zama ba kowa, ga mai so tsaye. Ta ce in ya fasa, kujerar ta wanda ke saman takarda ce, ni ne na goma sha uku. Na ce zan biya ninki biyu, in biya na uku. Ta ce, "Baba, ba kuɗin ba ne." Tanimun ya ɗaga murya, ya ce a kira mishi babbansu. Babban ya zo ya faɗi abin da ta faɗa, da Faransanci.

Da anka kira su shiga, ya riƙe hannuna ya daɗe.

"In na sauka zan biya ta bakin tekun in gaida maka shi."

"Ba za su bar ka ba."

"To in ɗaga wa baton hannu."

Jirgin Asabar da safe shi ne na ƙarshe. Ba wanda ya makara.

Ina cikin kar ta komawa, mun wuce Doso, salula ta yi ƙara. Lawali ne, da hoto. Na ga fuskarshi da farar hular kuku. Tun jiya Basira ta gaya mishi ban samu jirgi ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ya roƙi mai gyaran ɗakuna ya buɗe mishi ɗakina, minti biyar.

"Ga shi nan, Baba."

Ya juya salular. Gado ne da farin zane an ja shi tsaf, da ƴar kujera, da tebur. A kan teburin ya aje darduma a naɗe da buta, ya ce shi ya sayo su a Dakar da safe don ba a samun buta cikin baton. Sai tagar, da ruwa bayanta har iyakar gani.

"Alƙibla tana canzawa in muna tafiya, na ce kullum zan zo in nuna maka."

Na ce, "Ɗakin ya yi kyau."

Ya ce, "Ya yi."

Matar da ke kusa da ni tana leƙe, na kife salular bisa cinyata.

Kwana biyu na yi a gida ban fita rumfa ba, mai rumfar ma ba ya nan. Ran Talata na je wurin Basira. Ban zauna ba na ce ran Asabar baton zai komo Dakar ya sauke mutane, ta samo mini jirgin Juma'a, ko nawa ne. Ta duba ta faɗi kuɗin, na ƙirga na ba ta. Ta riƙe su tana dubana kamar tana jiran sauran magana. Ba saura.

Jirgin da na shiga ran Juma'a rabinshi ba kowa, masu Maulidi duk komowa suke. Na zauna ni kaɗai a layi mai kujera uku.

Asabar tun da hantsi ina ƙofar tashar jiragen ruwa ta Dakar. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe da masu gadi. Na nuna musu takardata mai hoton bato. Ɗaya ya duba kwanan wata ya ce wannan tafiyar ta ƙare yau, ba ta shigar da ni. Na samu wani dutsen siminti gefen hanya na zauna. Motoci na fitowa da Turawa jajaye da rana ta gasa, wasu na shiga da sababbi. Kamiyo-kamiyo, manyan motoci na kayan abinci, sun yi layi. Lawali ya turo saƙo: ranar lodi ce, ranar da ta fi kowace aiki a madafa, amma babbansu ya yi mishi alkawarin awa guda in an gama sauke kifi.

Azahar ta yi, na yi salla nan gefen katangar. La'asar ta kusa sannan na ga wani mutum ya fito da sauri cikin fararen kaya, da kati rataye a wuya, da kwano a leda. Na kauda kai ina neman yaro. Sai da ya durƙusa gabana na gane shi. Ya yi jiki. Akwai furfura a gemunshi.

"Baba, ina wuni. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙaƙa aiki?"

"Da godiya. Ƙaƙa mutanen gida? Su inna Jummai?"

"Suna gaishe ka. Ƙaƙa iyali?"

"Lafiya lau."

Na ce ya tashi, ya zauna gefen dutsen, ya bar tazara tsakaninmu. Ya ce awar ta koma minti arba'in, fitowa ta ci saura. Ya nuna mini hoton ɗiyanshi biyu a salula, na ce Allah ya raya. Na ba shi kilishin da rigar da na sa anka ɗinka mishi da awon shekara tara da sunka wuce. Ya buɗe ta, ya gwada a ƙirji, munka ga ba za ta shige shi ba. Ya yi dariya, nima na yi. Ya ce zai sa a buɗa ta.

Kamiyo ya wuce, wani ya wuce. Na san akwai abin da yake son tambaya, ni ma akwai abin da na ɗauko tun daga Ƙwanni, amma irin maganar da ke son kwana uku ce kafin ta fito, ba ta fita a bakin hanya ana hon. Ya buɗe baki sau ɗaya, ya ce, "Baba, ranar da inna..." sai wani mai gadi ya zo ya ce mu matsa da akwatin, mota za ta juya. Da munka matsa munka sake zama bai koma kanta ba. Ya tambaye ni nawa buhu yake bana. Na gaya mishi. Ya ce ya yi kyau.

Wata ƴar na'ura a ƙugunshi ta yi magana da Turanci. Ya amsa, ya miƙe.

"Baɗi fa?" na ce.

"Sun ce baɗi gefen Asiya za a kai baton. Ban sani ba, Baba. In takarduna sun fito zan zo gida."

"To. Allah ya kiyaye hanya. Ka riƙe salla."

"In sha Allah." Ya aje mini kwanon. "Ni na dafa. Ba irin nasu ba ne, na sa yaji."

Ya durƙusa ya kama hannuna da hannu biyu, tafinshi duk tabon ƙuna. Ya tashi ya nufi ƙofar, ya nuna kati, anka buɗe. Ya waiwayo sau ɗaya, kamiyo ya shiga tsakaninmu, da ya wuce babu shi.

Ban tashi ba. Daga inda nike ba a ganin ruwa, katanga da manyan akwatunan ƙarfe sun tare, sai ƙwanƙolin baton kaɗai, fari, da wani bututu mai shuɗin fenti. Layin motoci ya ƙare. Masu gadi sunka canza, sababbin sunka dube ni. Rana na gab da faɗuwa na ji ƙahon, sau uku, mai kauri, har cikin ƙirjina. Bututun ya fara tafiya a hankali bayan akwatunan, ya ɓace, ya sake fitowa ta wani tsakani, ya ɓace.

Na buɗe kwanon. Shinkafa ce da kifi, ta huce tuni. Na wanke hannu da sauran ruwan gorata, na yi bisimilla.